KAN JIRGI MAI CIN WUTA IRI HUƊU

Ko wane ɗayanmu ya san abin da a ke kira kan jirgi, watau injin nan da ke gaba yana jan taragu. Wanda ya fara isowa Kano cikin 1911 da wuta da ruwa ya ke aiki, tururi ke tura ƙafafunsa. Bayansa aka kawo masu shan man dizal. Akwai kuwa iri na uku, wanda ba ya ɗaukar guzuri ko kaɗan, sai dai ya miƙa hannun ƙarfe daga bisa rufinsa, ya taɓa wata waya da aka ɗaura sama da hanya, ya riƙa shan wutar lantarki yana tafiya. Irin wannan ya fi sauran ƙarfi da sauri da tsabta, amma yana da aibi guda. Mutum in ya yi baƙunci wata ƙasa, ya tarad da tuwonsu ba irin na gida ba ne, ya kan daure ya ci. Kan jirgin lantarki ba shi da wannan haƙuri. In aka ba shi wutar da ba dominta aka ƙera shi ba, ko dai ya ƙi motsi, ko kuwa ya ƙone.

To, cikin wannan darasi muna so mu duba labarin waɗansu kawunan jirgi guda goma na ƙasar Faransa, waɗanda a ke kira CC 40100. An ƙera su ne don su iya cin wutar ƙasashe huɗu, suka yi aiki daga 1964 zuwa 1996. Labarinsu zai nuna mana abin da a kan biya daga baya in maƙwabta suka yi gini, ko wa bai shawarci ɗan'uwansa ba.

Abin da ya kamata mu fara sani

Wutar lantarki cikin waya ta yi kama da ruwa cikin bututu. Akwai ƙarfin turin ruwan, akwai kuma yawan ruwan da ke wucewa. Ƙarfin turin wuta a kan auna shi da ma'aunin da a ke kira bolt, yawanta kuwa da amfiya. In muka riɓa bolt da amfiya sai mu sami ƙarfin aiki, watau wat, wat 1,000 kuwa shi ne kilowat ɗaya.

Har wa yau wutar iri biyu ce. Akwai miƙaƙƙiya, mai bin fuska guda kamar ruwan kogi, irin wadda batirin tocila ke bayarwa. Akwai kuma mai kai-da-komo, wadda ke zuwa ta komo kamar ƙoshiyar masaƙi. Wutar gidajenmu irin ta biyun ce, sau 50 ta ke zuwa ta komo cikin sakan guda. Ko wace da amfaninta. Injunan da ke juya ƙafafun jirgi a wancan zamani sun fi son miƙaƙƙiya. Amma mai kai-da-komo ita kaɗai taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta ko ta rage shi, saboda haka ita ta fi sauƙin aikawa nesa cikin siririyar waya.

Ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi

Sa'ad da ƙasashen Turai suka fara ɗaura wa hanyoyin jirgi waya, ko wace ƙasa abin da ya fi mata sauƙi a ranar ta duba.

Jamusawa suka zaɓi mai kai-da-komo. Amma da suka ga injunansu na tartsatsi ƙwarai in wutar na juyawa sau 50, sai suka rage ta zuwa sulusi, watau sau 16 da biyu bisa uku. Cikin 1912 hukumomin jiragen Furusiya da Bavariya da Baden suka yi alkawari a kan wannan, da ƙarfin bolt 15,000. Ostiriya da Suwizalan ma irinta su ke bi.

Faransa cikin 1920 ta tsai da shawara a kan miƙaƙƙiya mai bolt 1,500, ta ɗaura ta a hanyoyin da suka nufi kudu daga Faris. Holan ita ma 1,500 ta ɗauka. Beljiyam ba ta fara ba sai 1935, tsakanin Burusel da Antwerp, a lokacin kuwa an riga an ƙware da miƙaƙƙiya mai bolt 3,000, sai ta ɗauki wannan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injiniyoyin Faransa, bisa jagorancin Louis Armand, suka gwada ba jirgi wutar gari kanta, mai juyawa sau 50. Gwajin ya yi kyau, aka tsai da bolt 25,000, aka buɗe hanyar Valenciennes zuwa Thionville da ita cikin 1954 da 1955. Daga nan hanyoyin arewacin Faransa da gabashinta duk ita aka ɗaura musu.

Don mu ga dalilin da ya sa suka sāke, bari mu yi ɗan lissafi. A ce kan jirgi yana bukatar kilowat 3,670. In wayar na da bolt 1,500, sai ya ja amfiya wajen 2,450. In kuwa tana da bolt 25,000, amfiya 147 sun ishe shi. Yawan amfiya shi ke sa waya ta yi zafi, shi ke sa a nemi kakkaurar wayar tagulla, da ginshiƙai masu ƙarfi na riƙe ta, da gidajen ba da wuta kusa-kusa a gefen hanya. Ashe sabuwar dabarar ta fi araha nesa ba kusa ba.

Ku lura, babu ƙasar da ta yi wauta cikinsu. Ko wace ta zaɓi abin da ilmin shekararta ya nuna mata. Faɗin hanyarsu duk ɗaya ne, milimita 1,435, taragon Faris ya iya zuwa Amsterdam ba abin da zai tare shi. Amma wayar da ke sama ta rabu huɗu: arewacin Faransa 25,000, Beljiyam 3,000, Holan 1,500, Jamus 15,000. Ƙasashen nan kuwa maƙwabtan juna ne, mutum ya iya ratsa uku cikinsu tsakanin hantsi da la'asar.

Wahalar kan iyaka

Dabarar farko ita ce a tsaya a tashar iyaka, a kwance kan jirgin ƙasar nan, a ɗaura na waccan, a gwada birki, sa'an nan a tashi. Ga jirgin kaya wannan ba kome ba ne. Amma cikin shekarun 1950 jirgin sama da mota sun fara janye manyan fasinjoji, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, masu son su je wata ƙasa da safe su kwana gida. Shugaban jiragen Holan, F. Q. den Hollander, ya kawo shawara a yi jirage masu sauri na haɗin gwiwa, masu daraja ta ɗaya kaɗai, waɗanda a ke duba takardun fasinja cikinsu suna tafe. Aka fara su ran 2 ga Yuni 1957, aka sa musu suna Trans Europ Express, a taƙaice TEE.

Abin mamaki, jiragen TEE na farko duk man dizal su ke sha, suna bi ƙarƙashin wayar lantarki ba su taɓa ta. Dalili kuwa, dizal ba ruwansa da iyaka. Amma jiragen nan gajeru ne, fasinjoji kuwa sai ƙaruwa su ke yi. Da aka gama ɗaura waya tsakanin Faris da Burusel cikin 1963, sai ya zama tilas a sami kan jirgin lantarki mai ƙarfi wanda zai ƙetare iyaka ba tsayawa. Mutanen Beljiyam sun riga sun ƙera guda biyar masu cin wuta uku cikin 1962, masu ƙafa takwas. Hukumar jiragen Faransa, SNCF, ta ce ita babba ta ke so, mai cin huɗun duka.

Ƙirarsa

Kamfanin Alsthom aka ba aikin. Huɗu na farko, CC 40101 zuwa 40104, suka fito cikin 1964, ko wane da ƙarfin kilowat 3,670. Shida na baya suka biyo cikin 1969 da 1970, an ƙara musu ƙarfi zuwa kilowat 4,480.

Sunan kansa yana da ma'ana. Harafin C shi ne na uku cikin abacada, yana nufin tagwayen ƙafafu uku a haɗe wuri guda. CC ke nan rukuni biyu, ƙafa shida gaba, shida baya, goma sha biyu duka. Ko wane rukuni inji guda ke juya shi. Tsawon kan jirgin mita 22, nauyinsa ya haura ton 100. An shirya shi ya iya gudun kilomita 240 cikin sa'a, amma hanyoyin lokacin ba su ɗauki wannan ba, cikin aiki ba a bar shi ya wuce 180 ba.

Siffarsa wani mai zane ne ya tsara ta, sunansa Paul Arzens. Jikin farin ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa, da ratsin ja, don ya dace da sababbin taragun TEE da aka yi da irin ƙarfen nan cikin 1964. Gilashin gaban direba kuwa, maimakon ya kwanta baya kamar na mota, sai aka karkato samansa gaba, don ya rage ƙyallin rana, hancin kuma ya turo daga ƙasa. Faransawa suka yi masa laƙabi da "karyayyen hanci". Wannan fuska a jikinsa ta fara bayyana, daga baya aka yi wa ɗaruruwan kawunan jirgi irinta, har waɗanda aka sayar wa Holan da Fotugal da Maroko.

Yadda ya ke sarrafa wuta huɗu

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to, balle huɗu. Maƙeran ba su yi ƙoƙarin koya wa injunan cin wuta huɗu ba. Abin da suka yi shi ne, suka bar injunan da abincin da suka sani, watau miƙaƙƙiyar wuta, sa'an nan suka gina madafa cikin kan jirgin, wadda ke mai da ko wace wuta ta zama irin wannan.

In wayar na da miƙaƙƙiya mai bolt 1,500, sai ta wuce wurin injunan kai tsaye. In 3,000 ce, sai a sāke haɗin injunan, a jera su wutar ta ratsa wannan ta shiga wancan, su raba ƙarfin tsakaninsu, kamar mutum biyu da suka ɗauki gungume guda. In kuwa mai kai-da-komo ce, ko ta 15,000 ko ta 25,000, sai ta fara shiga taransifoma a rage mata ƙarfi. Daga nan ta bi ta cikin waɗansu 'yan na'urori na silikon, waɗanda ke aiki kamar bawul ɗin tayar keke, su bar wuta ta wuce gaba, su hana ta komowa. Ta haka ta ke fitowa a miƙe. A wajen tashi kuwa, don kada wuta ta auka wa injunan gaba ɗaya, a kan bi da ita ta cikin waɗansu ƙarafa masu wuyar ratsawa, su mai da rararta zafi, direba ya riƙa rage su kaɗan-kaɗan har jirgi ya miƙe.

Bisa rufi akwai hannuwan ƙarfe huɗu. Ba don ado aka yi su ba. Wayar ko wace ƙasa da irin ɗaurinta, wata na son hannu mai faɗi, wata matsattse. Hannun da zai ɗebi amfiya 2,000 da wani abu kuma dole ya fi na amfiya 150 kauri da danna waya.

Duk waɗannan kaya suna da nauyi, nan ne kuwa a ke biyan bashin. A arewacin Faransa akwai wani kan jirgi mai cin wuta guda, BB 16000, mai ƙafa takwas, nauyinsa bai kai ton 90 ba, ƙarfinsa kuwa ya haura kilowat 4,000. Ashe CC 40100 na farko sun fi shi nauyi da wajen ton 20, ga shi ba su kai shi ƙarfi ba. Cikin Beljiyam taransifomar nan mai nauyi zaune ta ke kurum, ana yawo da ita ba ta aikin kome. Taransifomar da za ta karɓi wutar Jamus mai jinkirin juyawa kuwa sai ta fi ta wutar gari girma.

Daga Faris zuwa Burusel

Bari mu bi jirgi guda mu ga aikin. Ya tashi daga Tashar Arewa ta Faris ƙarƙashin bolt 25,000, ya bi ta Compiègne da Saint-Quentin da Aulnoye. Da ya kusa Quévy, tashar farko ta Beljiyam, sai direba ya ga alama a gefen hanya. Nan zai ɗauke wuta daga injuna, ya buɗe babban makunni, ya saukad da hannun Faransa. Jirgi ya yi ta gangarawa da saurin da ya riga ya tara, ya wuce wani ɗan yanki inda wayar ba ta da wuta. Sai direba ya murɗa mazaɓi zuwa wutar Beljiyam, ya ɗaga hannunta. Amma ba a dogara ga direba kaɗai ba, gama ɗan Adam ajizi ne. Akwai wata na'ura mai ɗanɗana wutar waya tukuna, in ba ta dace da abin da aka zaɓa ba, makunnin ba zai rufu ba. In ta dace sai wuta ta shiga, jirgi ya wuce Mons, ya sauka Tashar Kudu ta Burusel.

Tafiyar ta haura kilomita 300 kaɗan, jirgin da ba ya tsayawa ya kan yi ta cikin sa'a biyu da rabi ko ƙasa da haka. Fasinja na zaune yana cin abinci, bai san an sāke wuta ba. Wannan rashin sani nasa shi ne iyakar abin da aka kashe dukiyar nan dominsa.

Aikinsu da ƙarshensu

Gidansu yana La Chapelle, kusa da Tashar Arewa, can a ke gyaransu. Sun ja jiragen TEE masu suna, kamar Étoile du Nord, watau Tauraruwar Arewa, da Oiseau Bleu, watau Shuɗin Tsuntsu, da Île de France, da Brabant, da Memling, da Rubens. Cikin 1969 na shidansu, CC 40106, ya yi karo da babbar mota a wata mahaɗar hanya cikin Beljiyam, ya lalace tun yana sabo, daga baya aka ƙera wani aka ba shi lambarsa.

Ga wani abin lura. Ko da ya ke wuta huɗu suka iya ci, yawancin aikinsu tsakanin Faris da Burusel da Liège ne, inda biyu sun isa. Zuwa Kolon ta Jamus kuwa, ƙannensu ne suka fi ɗaukar nauyinsa, watau guda shida masu irin ƙirarsu da Beljiyam ta saya cikin 1973, ta kira su aji na 18. Dalili guda shi ne, iya cin wutar ƙasa bai isa ba. Ko wace ƙasa da alamun hanyarta, da na'urorin tsaronta, da ƙa'idodinta, da harshen da direba zai yi magana da tasha. Har wa yau, abin da ba a yi shi da yawa ba gyaransa ya kan yi tsada, don kayansa ba su shiga jikin wani, magyaransa kuma sai an koya musu musamman.

Abin da ya kawo ƙarshensu sabuwar hanya ce. Cikin 1993 aka buɗe hanyar jirage masu tsananin gudu daga Faris zuwa arewa. Cikin Yuni 1996 jiragen Thalys suka karɓi aikin Faris zuwa Burusel da Amsterdam, aka sallami CC 40100 bayan shekara 32. Da Beljiyam ta gama nata yankin hanyar a ƙarshen 1997, tafiyar ta komo sa'a ɗaya da minti 25. Ƙannensu na Beljiyam suka daina aiki cikin 1999. Na farinsu, CC 40101, an ajiye shi gidan tarihin jirage na Mulhouse, na ƙarshe kuma, CC 40110, waɗansu masu sha'awar jirage suka karɓe shi suna kiwo. Sunan Thalys ma an bar shi cikin 2023, jiragen suka koma ƙarƙashin sunan Eurostar.

Amma dabararsu ba ta mutu ba. Waɗansu daga jiragen Thalys wuta huɗun nan su ke ci. Da aka sami sababbin na'urorin sarrafa wuta marasa nauyi, sai ƙera irin wannan kan jirgi ya yi sauƙi, har Jamus ta sayi guda 100 masu cin wuta huɗu, aji na 189, daga 2003. Wayoyin ƙasashen kuwa har yanzu huɗu ne, gama sāke su ya fi ƙarfin aljihun ko wa.

Abin da muka koya

Shawarar da aka yanke cikin 1912 da 1920 da 1935, waɗanda suka yanke ta duk sun rasu, amma jikokinsu na nan suna biya. Tun ran gini ran zane. Habasha da Jibuti sun gane wannan, da suka shimfiɗa sabuwar hanya daga Adis Ababa zuwa bakin teku, wadda ta fara jigila cikin 2018, wuta guda suka ɗaura mata, bolt 25,000, tun daga farko har ƙarshe.

Mu ma nan an bar mana irin wannan gado, sai dai namu a ƙasa ya ke, ba a sama ba. Tsohuwar hanyar da Ingilishi suka shimfiɗa daga Ikko zuwa Kano faɗinta ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. Wadda Faransawa suka yi daga Kwatano zuwa Parakou kuwa milimita 1,000 ce. Bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ya isa ya hana taragon wannan hawa hanyar waccan, babu kuwa hannun ƙarfe ko taransifoma da zai yi maganinsa. Hanyar Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta cikin 2021, milimita 1,435 aka tsara mata, daidai da ta Abuja zuwa Kaduna. In wata rana aka zo ɗaura wa hanyoyin nan waya, watakila waɗansu daga yaran da za mu koyar su ne za su zauna shawarar. Wajibi ne mu koya musu cewa kafin su tambayi abin da ya fi araha a gida, su fara leƙa katanga su ga abin da maƙwabci ya ɗaura.

Tambayoyi

1. Faɗi wuta huɗun da CC 40100 ke ci, da ƙasar ko wace.
2. Kan jirgi mai kilowat 4,480, amfiya nawa zai ja daga waya mai bolt 3,000? Nawa kuma daga mai 15,000?
3. Don me jiragen TEE na 1957 suka yi aiki da dizal?
4. Bayyana abin da direba ke yi a kan iyaka, bi da bi, ka faɗi abin da ke tsare jirgin in ya yi kuskure.